Rufin Asirin Dattijon da Ban Taɓa Gani Ba

Kwalejin da na baro unguwarmu Soron Ɗinki dominta, a saman wani shagon sayar da tayoyi na same ta a Kuala Lumpur. A hoton da ejan ɗina ya turo mini tun ina Kano akwai fili mai ciyawa kore shar, ga ɗalibai zaune a gindin bishiya suna ta dariya. Da na hau benen, ɗakuna biyu na tarar, da wata mata mai karɓar takardu, da allon da ko ledarsa ba a cire ba. Na tambaye ta ina ajin masu karatun kwamfuta. Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in riƙa zuwa ina sa hannu duk ranar Litinin, karatun ke nan.

Ejan ɗin Bashir sunansa, amma a can Oga Bash ake ce masa. Ɗan unguwar Sheshe ne, makarantar allo ɗaya muka yi da ƙaninsa, shi ya sa ma Babana ya yarda da shi ido rufe. Na same shi a wani shagon shayi yana danna waya, ko tashi bai yi ba.

"Oga Bash, ai babu makaranta a wurin nan."

"Kai Habibu, ka cika ƙauyanci wallahi. Wa ya ce maka karatu ake zuwa yi? Biza ka samu ko ba ka samu ba?"

"Na samu."

"To me kake so kuma? Ka shiga gari ka yi buga-buga kamar kowa. Kafin ta ƙare ka samu kamfanin da zai ɗauke ka ya juya maka ita ta zama ta aiki. In ba ka samu ba, ka ga hanyar gida nan, jirgi bai daina tashi ba."

Ya saya mini shayi kofi ɗaya, kuma ban ƙara sa shi a idona ba. Lambarsa ta daina shiga tun a makon. Amma duk cutar da ya yi mini, maganarsa ta ƙarshe gaskiya ce, ita na yi ta ɗauka a ka daga gari zuwa gari. Bizar ɗalibi ce a hannuna, tana da ranar mutuwa, kwalejin kuma ba ta da ikon sabunta wa kowa. Ko dai wani kamfani ya ɗauke ni kafin ranar, ko in koma zauren ɗinkin Baba hannu rabbana.

Kuala Lumpur ba ta riƙe ni ba. Na yi yawon ofisoshi har takalmina ya buɗe baki, ina cewa na iya rubuta manhajar kwamfuta, kuma na iya ɗin, don tun ina difloma a gida ba ni da wani aiki sai shi. Da zarar an ga sunan kwalejin a takardata sai a yi mini murmushin sallama. Wasu ma tun daga launin fasfo suke gama hukuncinsu. Da abin hannuna ya ƙare na bi wani ɗan Bangaladash zuwa Ipoh, inda ya ce ana neman masu wanke-wanke a wani gidan abinci na bakin babbar hanya.

Ipoh ba ni da abin da zan faɗa a kanta sai ruwan kumfa. Motocin fasinja su tsaya, a yi ta jibgo faranti, mu yi ta wankewa har fatar hannuna ta riƙa saɓulewa. Mai wurin yana biya ranar da ya tuna da mu. In an ce ga jami'ai nan, sai mu shige sito mu lafe a bayan buhunan albasa, don bizar ɗalibi ba ta yarda da irin wannan aiki ba. Abincinsu kuwa, Allah ya gani na yi ƙoƙari. Komai sai an sa masa kwakwa, miya ma sai an zuba mata sukari. Akwai ranar da na tsaya a bakin famfo ina tuna miyar kukar Inna da man shanu, ban ankara ba sai ga hawaye, ƙato da ni. Ɗan Bangaladash ɗin ya zaci albasa ce, na bar shi a haka.

Duk ranar Juma'a nakan kira gida. Lokacin da nake shirin La'asar, su can hantsi ne, Baba ya buɗe zaure, ina jin ƙarar kekunan ɗinki a bayansa.

"Habibu, yaya karatun?"

"Alhamdu lillahi, Baba."

"Malaman naku suna da kirki dai ko?"

"Suna da kirki, Baba."

"To ka riƙe mutuncinka, ka girmama na gaba da kai. Allah ya yi albarka."

Sai in ce amin, in koma kan farantina.

Wani direban babbar mota ne ya ɗauke ni zuwa tsibirin Penang, saboda na taya shi sauke kaya. Ya ce can ne kamfanonin kwamfuta suke. Ya ajiye ni ana tsuga ruwan sama, irin ruwansu da ba ya sallama, na ruga wani ɗan masallacin unguwa na fake, na rungume jakar laftop ɗina a ƙirji. A nan na haɗu da Pak Cik Rahim. Pak Cik a bakinsu kamar a ce Kawu ne. Tsoho ne gajere, ya yi ritaya daga aikin jirgin fito, shi ne ladan kuma shi ne mai shara. Ya ga na idar da salla ban tashi ba, aka yi ta gaba ma ina nan. Bai tambaye ni takarda ba, tambayarsa ɗaya ce, na ci abinci? Ya buɗe mini ɗakin da suke ajiye darduma, ya ce in zauna kafin Allah ya kawo mafita, in riƙa taya shi shara, in kuma yi kiran Asuba ranar da maƙogwaronsa ya ƙi. Matarsa ta gano ba na son sukari a miya, sai ta riƙa ɗebar mini tawa kafin ta zuba. Wannan alheri har in mutu ba zan manta da shi ba.

Shi ne ya kai ni wurin Madam Lim, 'yar wani tsohon abokin aikinsa. Tana da ƙaramin kamfani mai rubuta manhajar na'urorin biyan kuɗi da kati. Mace ce da ba ta san kwana-kwana ba. Ta juya takardar kwalejina, ta ajiye ta gefe da yatsa biyu.

"Wannan ba ta da amfani, kai ma ka sani. Ni kuma ban san ka ba. Ka nuna mini aikin da mutanen da na yarda da su suka karɓa."

Ta juyo mini da fuskar kwamfutarta. Akwai wani kundin manhaja da suke dogara da shi, wanda aikinsa kulle saƙo, yadda in ya fita daga na'ura ba mai iya karanta shi sai mai mukulli. Ba na wani kamfani ba ne. A buɗe yake a intanet, kowa na iya karantawa, kowa na iya kawo gyara, amma akwai 'yan tsirarun masu kula da shi, su ke cewa an karɓa ko ba a karɓa ba. Ta danna, sai ga rubutu ruwan ɗorawa yana ta zubowa. Kompaila ce ke ƙorafi, wato manhajar da ke juya abin da muka rubuta ya zama abin da kwamfuta ke ganewa. In ta ga abin da bai kwanta mata ba, ba ta tsayar da aiki, sai dai ta yi gargaɗi ta wuce.

"Ka ga wannan tarin gargaɗin? Ba mai son share shi, aikin gajiya ne. Je ka share. In suka karɓa, sunanka ya fito a cikin masu gyara, ni zan nema maka bizar aiki. Amma takardu suna cin lokaci, kada ka zo mini a ƙurarren lokaci."

Na koma ɗakin darduma ina jin kamar an sauke mini dutse. Aikin kuwa na gajiya ne kamar yadda ta faɗa. Nan an ajiye abu ba a yi amfani da shi ba, can an gwada lambar da ke iya zama ƙasa da sifili da wadda ba ta iyawa, can kuma an zuba babbar lamba a ƙaramin mazubi. Yawancinsu ba sa cutar da kowa. Sun fi kama da zaren da ke reto a jikin sabuwar riga, wanda a zaurenmu shi ake fara ba ɗan koyo ya yanke. Sai dai a nan kafin ka yanke sai ka bi zaren ka ga inda ya nufa. Bayan Asuba in na gama shara nake zama, laftop ɗin tana huci a cinyata, fankarta tana kuka, har rana ta take.

Gyarana na farko da na tura, na buɗe shi yadda aka koya mini buɗe magana. Na yi sallama, na gabatar da kaina, na tambayi lafiyarsu da ta iyalansu, na yi musu sannu da ƙoƙari, sannan na nemi afuwa in na yi shisshigi. Wani matashi daga cikin masu kulawar, Jonas, shi ya fara amsawa, da layi ɗaya tak: "Ya yi yawa, raba shi ƙanana." Ko sannu babu. Na zauna ina kallon layin nan, ina tambayar kaina me na yi wa bawan Allahn nan.

Can sai ga wata amsar daga wani mai suna Tobias. Ya ce iyalinsa lafiya lau, ya gode, kuma tun da ya fara wannan aiki ba a taɓa tambayarsa lafiyar iyali a shafin kundin ba. Ya nuna mini yadda ake raba gyara, kowane da bayaninsa. Na duba ɗan hoton da ke jikin sunansa, tsoho ne mai farin gemu da tabarau. Ashe shi ya kafa kundin tun ina rarrafe. Daga ranar na sa masa suna Dattijo. In na yi kuskure, sai ya ce, "Sake duba layin nan, me kake gani?" Ba ya gaya mini amsa, kuma bai taɓa sa na ji ni baƙo ne ba. A ƙasar da kowa ke fara duba fasfona, mutumin nan aikina kawai yake dubawa. Aka karɓi ƙananan gyare-gyarena guda-guda, Madam Lim ta ce in kammala babban kason da ya rage, ta fara haɗa takardu.

A cikin wannan kason ne na ci karo da abin. Gargaɗi ne irin na kullum, an ajiye amsa ba a waiwaye ta ba. Na bi zaren, sai ya kai ni inda ban zata ba. Wurin da ake duba ko an taɓa saƙo a hanya ne. Ana dubawar, ana ajiye amsar, amma ta wata ƙaramar hanya da ba a cika bi ba, ba wanda ke tambayar me amsar ta ce. Saƙon da aka yi wa maguɗi zai iya wucewa ta nan salin-alin. Kundin kuma yana riƙe da tarihin kowane layi da sunan wanda ya rubuta shi. Na duba. Dattijo ne.

A zaurenmu akwai wani tsohon maɗinki, Baba Ilu, wanda ya koya wa Babana riƙe allura. Da idonsa ya fara rauni, sai ya riƙa karkata aikin wuyan riga bai sani ba. Ba wanda ya taɓa ce masa uffan. In ya tafi alwala, ɗaya daga cikin yayyena zai ɗauki rigar ya farke wurin, ya mayar da shi daidai, ya ajiye ta yadda ya bar ta. Har ya rasu yana alfahari da cewa ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Haka na taso na gani, kuma ban taɓa ɗaukarsa wata dabara ba, tarbiyya ce kawai. Saboda haka ban yi dogon tunani ba. Na ƙara layi biyu da za su sa a waiwayi amsar, na cusa su a tsakiyar sauran, na rubuta a sama cewa share gargaɗi ne. Har wani daɗi na ji a raina, na ce yau na rama wa Dattijo alheri.

Washegari bayan shara na buɗe laftop, na tarar shafin ya cika. Jonas ya zaƙulo layukan nan biyu ya baje su a gaban kowa. Ya ce wannan ba share gargaɗi ba ne, an canza yadda ake tantance saƙo, a wuri mafi haɗari a kundin, kuma ba a faɗa ba. Ya ce sun sha ganin mutum ya zo da ƙananan gyare-gyare har a saki jiki da shi, sannan ya shigo da mugun abu a ɓoye. Ya tambaye ni dalili. Kafin in amsa ya liƙa wa aikina jan tambari, an dakatar da shi, kuma za a sake bincikar duk abin da na taɓa turawa. Wani da ban sani ba ya rubuta a ƙasa cewa a duba daga wace ƙasa nake. An goge maganarsa daga baya, amma na riga na karanta.

Abin da na iya rubutawa shi ne, gyaran daidai ne, su gwada su gani. Jonas ya ce ba wannan ya tambaya ba.

Madam Lim ta kira ni ofis. Shafin yana buɗe a gabanta, jan tambarin nan kamar tabon manja a farar riga.

"Na karanta layukan. Ni a ganina rami ka toshe. Me ya hana ka faɗa?"

"Wanda ya bar ramin babba ne, Madam. Shi ya koya mini aikin."

"To sai me?"

"Ba zan iya tsayawa a gaban jama'a in ce ya yi kuskure ba."

Ta cire tabarau ta murza ido. "Habib, mu ma muna girmama manya, kada ka zaci ku kaɗai ne. Amma na'urorina suna hannun masu shaguna, da wannan kundin suke aiki. Kuma ba zan iya kai takardar mutumin da ke da wannan tambarin a kan sunansa ba. Ka je ka yi magana."

Ban yi ba. Na rubuta wa Dattijo shi kaɗai, ta adireshinsa na imel, cikin ladabi, na ce akwai wani ɗan wuri da nake so ya sake dubawa in ya samu sarari. Nan take amsa ta dawo, irin wadda na'ura ke bayarwa. Ya tafi hutun bazara, ba ya kusa da intanet, sai ya dawo. Hutu irin nasu, wanda ake kashe waya a shiga daji. Na san zan iya rubuta wa Jonas a keɓe, amma a wurina wannan ya fi muni, kai ƙarar uba wurin ɗansa ke nan. Na ce bari in jira.

Jiran nan shi ya fi komai cin raina a duk tafiyar. In yi shara, in buɗe laftop, ba komai, in rufe. Ranar mutuwar biza tana matsowa, abinci ya daina wuce mini. Pak Cik Rahim ya lura, ya zaunar da ni a barandar masallaci bayan Azahar, na kwashe labari na gaya masa. Ya ja carbinsa, ya dube ni.

"Habib, in liman ya yi mantuwa a salla, ya tashi inda ya kamata ya zauna, a garinku me kuke yi?"

"Mukan ce Subhanallah."

"A ɓoye, ko da ƙarfi?"

"Da ƙarfi, Pak Cik."

"To."

"Ai wannan salla ce, ta kowa ce. In ta ɓaci ta ɓaci wa sahu duka."

"Shi wannan abin naku na mutum ɗaya ne?"

Na gane nufinsa, amma ban ji na yarda ba. Ilimin abu daban, iya buɗe baki daban. Duk lokacin da na ɗora yatsa zan rubuta, sai in ga farin gemun nan, in tuna shi kaɗai ya amsa mini gaisuwa. Na ƙara kwanaki ina jan ƙafa, ina fatan ya dawo ya gani da kansa.

Sai da Madam Lim ta aiko cewa ita fa ta kusa cire rai, sannan na zauna na rubuta. A shafin da kowa ke gani na rubuta, tunda a nan aka tuhume ni. Na bayyana ramin, na nuna hanyar da ake bi a faɗa cikinsa, na faɗi layin, na faɗi sunan wanda ya rubuta shi. Da na danna turawa, na ji kamar na ɗaga hannu na mari Babana a bakin kasuwa.

Ba a jima ba Jonas ya ɓoye rubutun nawa, ya aiko mini saƙo ni kaɗai. Wannan karon ya yi dogon bayani, har da godiya a ciki. Ya ce abin da na gano gaskiya ne kuma babba ne. Amma irin wannan ba a faɗarsa a fili, suna da adireshi na musamman da ake kai shi a asirce, don a toshe ramin kafin ɓarayi su ji labari. Yana nan rubuce a shafin farko, na sha wucewa ta kansa. Ashe su ma suna da rufin asirinsu. Sai dai su asirin masu amfani da kundin suke rufawa, wanda ya yi kuskuren kuwa ko a jikinsu. Ni na rufe inda suke buɗewa, na zo na buɗe inda suke rufewa. Ya ce yanzu dole su yi gaggawar fitar da gyara, tambarin kuma zai zauna har a gama bincike Tobias ya dawo ya sa hannu, haka ƙa'idarsu take.

Na kai wa Madam Lim wannan saƙon. Ta karanta har ƙarshe, ta yi ajiyar zuciya.

"Da ka kawo mini wannan tun ranar da na kira ka, da mun yi wani abu. Yanzu ko yau na shigar da takardu ba za su fito kafin bizarka ta mutu ba. Kuma ba zan ce ka zauna ba bisa ƙa'ida ba, in an kama ka, ka gama shigowa ƙasar nan."

Ba ta yi mini ƙarya ba, ba ta kuma ce in dawo wata rana ba. Kujerar aikin tana buƙatar mutum, ta ba wani. Ita da kanta ta kai ni tashar motar da zan hau zuwa filin jirgi. Pak Cik Rahim ya cusa mini sabon zanen salla irin nasu a jaka, matarsa ta ƙulla mini soyayyen kifi, ta ce ba sukari a ciki. Maimakon godiya mai tsawo, hannun tsohon kawai na riƙe.

Na dawo Soron Ɗinki da jakar da na tafi da ita. 'Yan unguwa suna ta sannu da zuwa, ana tambayata ina tsaraba, wasu har Injiniya suke kirana. Na gaya wa Baba komai a zaure, daga shagon tayoyi har zuwa jan tambari, ban rage komai ba sai abu ɗaya, ban ce masa daga ƙarshe na faɗi sunan ba. Maganar Bashir ta ɓata masa rai ƙwarai. Da na zo kan Dattijo kuwa sai ya gyaɗa kai.

"Ka yi abin da ya kamata. Aiki wani ne zai zo. Mutumin da ya koya maka abu ba ka kunyata shi."

Bayan 'yan makonni, da hantsi, ina zaune ina taya su yanke zare, wayata ta yi ƙara. Dattijo ya dawo daga hutu. A shafin da kowa ke gani ya yi rubutu, an cire tambarin, an karɓi aikina duka, sunana yana cikin sanarwar godiya. Na yi ta kallon wayar har Baba ya tsayar da kekensa.

"Lafiya?"

"Dattijon nan ne, Baba."

"Me ya ce? Karanto mana."

Na fassara masa yadda yake. "Ya ce, kuskuren nawa ne, ni na rubuta layin, shekara da shekaru yana nan ban gani ba. Habibu ne ya gano shi, ya kuma nuna mana inda yake. Na gode masa."

Baba ya sauke tabaransa. "A ina ya faɗi haka?"

"A shafin, Baba."

"Mutane suna gani?"

"Duk duniya."

"Kai ka nuna musu?"

Na sunkuyar da kai. Yayyena suka tsayar da nasu kekunan. Baba ya daɗe yana dubana, ba da faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Haba Habibu," ya ce a hankali. "Har sai da ka kai dattijo ga faɗin haka da bakinsa?"

Ya mayar da tabaransa ya taka keke. Ni kuma na kife wayar a kan tabarma, na jawo riga ta gaba.